Baƙon Maigatari da baƙon Legas duk jirgi ɗaya ya kwaso su, in ji Malam

A daren Asabar ɗin da ta gabata ne, bayan sallar Isha'i, matasa daga Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar suka hallara a harabar wata makarantar Islamiyya da ke cikin garin Gumel, domin sauraron jawabin ɗaya daga cikin malaman da ke karantar da su. An shirya zaman ne ganin cewa kaka ta yi, an fara ɗaure gero, kuma da yawa daga cikin matasan sun soma harhaɗa jaka don tafiya cin rani. Ga yadda jawabin ya gudana.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon Allah (S), Malam ya fara da tambayar ko su wane ne a cikin mahalarta suka yi niyyar tafiya a bana. Hannuwa da yawa suka tashi. Wasu suka ce Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja, 'yan kaɗan kuma daga can baya suka ce Libiya. Sai ya sake tambaya, su wane ne a gonar gidansu mutanen Nijar suka yi ƙwadago a wannan damina. Nan ma hannuwa suka tashi, kuma galibi hannuwan farko ne.

Malam ya ce to ai jawabin ke nan. Ya ce duk wanda ya tsaya a tashar Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke ci, zai ga ayari biyu. Ga samari daga Dungas da Magarya da ƙauyukan Damagaram suna shigowa da ƙunshin kayansu suna neman aiki, ga kuma samarin ƙasar Gumel suna hawa mota su nufi kudu neman irin wannan aikin. Ya ce abin da ya taso wancan daga gida shi ya taso wannan: damina wata uku ce ko huɗu, rumbu ba ya kai wa wata daminar, ga aure, ga iyaye, ga bashin taki. Amma abin takaici, wanda ake yi wa kallon raini a Legas, in ya dawo gida shi ne ke yi wa ɗan Nijar kallon raini.

Wane ne baƙo a ƙasar Gumel?

Malam ya ce kafin wani ya kira ɗan'uwansa baƙo, ya kamata ya san tarihin garinsu. Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, Mangawa ne suka kafa ta, kuma kafin a dawo da fadar inda take a yanzu wajen shekarar 1845, a Tumbi take. Tumbi kuwa a yau tana cikin Jamhuriyar Nijar. Ya ce wato da za a bi ta takarda, sai a ce sarautar kanta daga ƙetare ta zo.

Ya ci gaba da cewa wannan iyaka da ake tinƙaho da ita, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakaninsu a 1898 da 1904 da 1906, sannan suka biyo ƙasa suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Ba su shawarci manomi ba, ba su shawarci makiyayi ba. Layin ya ratsa gonaki da burtali da dangi, aka wayi gari wa yana biyan haraji ga Ingilishi, ƙane yana biya ga Faransi. Malam ya ce ba yana nufin a yi watsi da doka a riƙa tsallake iyaka yadda aka ga dama ba ne. Abin da yake so matasa su gane shi ne, layin da bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba, bai isa ya raba zumuncin da ya girme shi nesa ba kusa ba.

Daga nan sai ya waiwayi duniya. Ya ce ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a ƙasar da ba a nan aka haife su ba, kuma hukumar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ma'aikata baƙi sun kai miliyan 169. Ya ce rediyoyin Turai sun fi kawo labarin masu tsallaka teku a kwale-kwale, har mutum ya ɗauka duk Afirka ce ta kwashe ta nufi Turai, alhali kuwa mafi yawan 'yan Afirka ta Yamma da suka bar ƙasashensu a maƙwabta suke tsayawa. Mai ga-ruwa a Kano, mai gadi a Abuja, mai shayi a Kwatano, mai dako a Abijan, su ne ainihin 'yan ci-ranin wannan yanki, kuma ba wanda yake ɗaukar hotonsu.

Ana so a lokacin daɗi, ana kora a lokacin wuya

Malam ya ce akwai ɗabi'a guda da gwamnatoci suka yi tarayya a kanta game da ma'aikaci baƙo. In arziki yana bunƙasa sai a buɗe masa ƙofa, saboda yana karɓar aikin da ɗan gari ya raina, a kan ladan da ɗan gari ba zai karɓa ba. Ranar da aljihun gwamnati ya bushe kuwa, sai a nuna wa talakawa shi a ce ga wanda ya cinye musu abinci.

Ya kawo misali da ƙasar Gana. A watan Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Dubban ɗaruruwan mutane suka fito, cikinsu har da Hausawa da Yarabawa waɗanda a can aka haife su, ba su san ko hanyar garin kakanninsu ba. Suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance.

Ya ce to sai ga shi Nijeriya ta samu kuɗin man fetur a shekarun 1970, mutanen Gana da Nijar da Chadi da Togo da Binin suka kwararo, suna koyarwa a makarantu, suna gini, suna gadi. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma da farashin mai ya faɗi, ga zaɓe ya gabato, ga kuma rikicin Maitatsine na Disambar 1980 da aka riƙa jingina wa baƙi, sai a ranar 17 ga Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan biyu ne suka fita, wajen rabinsu mutanen Gana, sauran kuma har da ɗimbin 'yan Nijar. A 1985 gwamnatin soja ta Buhari ta sake yin wata korar.

Malam ya tunatar da cewa an rufe iyakokin ƙasa daga Afrilun 1984 har zuwa Maris na 1986, daidai lokacin da fari ya ƙone amfanin gona a Nijar. Hatsin da aka saba saye daga kasuwannin wannan yanki ya yanke, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan shugaban Nijeriya na lokacin. Ya ce matasa su tambayi dattawan Maigatari, da yawansu sun ga wannan da idonsu. Sai ya yi tambaya: bayan duk wannan kora, talakan Nijeriya ya samu aikin da aka ce baƙi sun tare masa? Ya ce abin da ya biyo baya shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da karyewar darajar Naira.

Ya ƙara da cewa kalmar baƙo makami ce, kuma wanda ke riƙe da ita shi ke zaɓar wanda zai sara. A 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno, aka kai shi Chadi aka ajiye da sunan wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa. Malam ya ce in ana iya yi wa ɗan majalisa haka, to ɗan acaɓa fa?

A nan ne ya kawo abin da ya sa wurin ya yi tsit. Ya ce a watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, dillalai da 'yan dako da masu abinci suka zauna. A ƙarshen wannan watan dai, jami'an gwamnatin jihar Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da matasa 123 daga jihar Jigawa da babura 48, aka tsare su ana yi musu tambayoyi, aka baza hotunansu duniya ta gani, daga baya aka sake su don ba a same su da laifi ba. "A wata guda," in ji Malam, "mun rufe wa ɗan Dungas ƙofa a nan, an tare ɗan Jigawa a ƙofa a can. Wanda bai ɗauki darasi daga wannan ba, ban san daga inda zai ɗauka ba."

Ya ce sai a Disambar 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Maigatari na cikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. A duk wannan, in ji shi, manya ne ke rigimarsu a birane, amma mai kora tumaki biyu zuwa kasuwa shi ke kwana da yunwa.

Hanyar hamada

Malam ya juya ga waɗanda suka ce Libiya. Ya ce ba zai ɓoye musu ba, akwai waɗanda suka je suka dawo da abin hannu, suka yi gini, suka yi aure, kuma su ake gani. Waɗanda rairayi ya rufe ba sa dawowa su ba da labari.

Ya tunatar da su abin da ya faru a watan Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Fiye da rabinsu yara ne, sauran galibi mata, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito, a jihar Damagaram. Ya ce waɗannan Hausawa ne maƙwabta, masu cin tuwon gero irin na nan.

Ya ce a 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure bisa matsin lambar ƙasashen Turai, abin da ya sa direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da aka sani suna bin hanyoyin da suka fi haɗari. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Amma soke doka a Yamai bai sa hamada ta yi sanyi ba, bai kuma sa an daina kamu a can gaba ba. Hukumomin Aljeriya sun sha kwaso baƙi a manyan motoci su zube su a kan iyaka, su taka wajen kilomita 15 a ƙasa kafin su isa Assamaka, kuma masu bin diddigin abin sun ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. A Libiya kuwa, a Nuwamban 2017 duniya ta ga hoton bidiyon da ake gwanjon 'yan Afirka kamar awaki. Ya ce sananniyar dabarar masu garkuwa a can ita ce a tsare yaro a buga wa iyayensa waya yana kuka. Sai uba ya sayar da gonar da aka ƙi nomawa don a fanso wanda ya ƙi noma ta.

Zama da mutane

Da ya zo kan batun yadda baƙo ke zama ɗan gari, Malam ya ce Turawa sun daɗe suna taruka a kan wannan, suna ta gardamar ko baƙo ya narke ya bar al'adarsa, ko a bar shi a unguwarsa daban. Ya ce Hausawa sun ga kowane irin zama. A Kumasi da Ankara sun kafa zango, da sarkinsu da limaminsu, amma zangon bai hana korar 1969 ba. A Sudan kuwa, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har bakin kogin Nilu suka zauna, kuma guminsu na cikin abin da ya raya gonakin auduga na Jazira tun daga 1925. Amma a 2022, bayan zaman fiye da shekara ɗari, rikici ya ɓarke a jihar Bulunayil a kan ƙasa da sarauta, aka kashe ɗaruruwan mutane, ana ce wa jikokin jikoki baƙi. Malam ya ce darasin shi ne, daɗewa kaɗai ba ta wadatarwa matuƙar ba a tabbatar wa mutum haƙƙinsa a fili ba.

Ya ce Musulmi ba su da uzurin jahiltar wannan babi, domin kalandarsu ma da hijira ta fara. Sahabbai sun yi gudun hijira zuwa Habasha, sarkin da ba Musulmi ba a lokacin ya ba su mafaka, ya ƙi miƙa su ga waɗanda suka biyo sawunsu. A Madina kuma Manzon Allah (S) bai ware wa Muhajirai sansani a bayan gari ba, sai ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansar, mutum da mutum. Ya kawo labarin Sa'adu ɗan Rabi'u wanda ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Malam ya ce a nan an gama tsarin duka: ɗan gari ya buɗe hannu, baƙo ya kama sana'a. Ya ce ko a nan ƙasar Hausa, tsarin fatoma a kasuwar dabbobi irin ta Maigatari, inda mai masauki ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, ya zama lamuninsa, ya girmi duk wata yarjejeniyar ECOWAS.

Abin da ya hau kan kowa

Malam ya ce jawabi ba shi da amfani in ba a tashi da aiki ba. Game da baƙon da ya zo nan, ya ce abu na farko shi ne lada. Ya ce ya san ana yi, kuma a cikin masu sauraro akwai waɗanda suka san ana yi: a ɗauki yaro ya yi yankan riɗi ko roron wake, in an gama a ce ya dawo ranar kasuwa, ranar kasuwa a ce ba a sayar ba, har ya gaji ya tafi, don an san ba zai iya kai ƙara ba. Wani ma in yaron ya matsa sai ya yi masa barazana da jami'an shige da fice. Ya ce wannan cin haram ne tsagwaronsa, kuma wanda aka zalunta ba ya buƙatar fasfo kafin addu'arsa ta isa inda za ta. A yanka jinga a fili gaban shaida kafin a fara aiki, a biya ranar da aka gama.

Na biyu, in an yi sata a unguwa kada a fara da ɗakin 'yan ci-rani ba tare da hujja ba. Na uku, a jawo su sahu da makarantar dare, in sun yi rashin lafiya a duba su, in sun rasu a yi musu sutura a nemi danginsu. Ya ba da shawarar kowace unguwa ta samu matasa biyu ko uku da baƙo zai iya kai wa kuka in an hana shi haƙƙinsa, su raka shi wurin mai unguwa.

Game da masu tafiya kuwa, ya ce kada kowa ya fita sai da yardar iyaye, in yana da iyali ya bar musu abin ci. Ya riƙe katin shaidarsa, in ƙetare za shi ya yi takarda ta halal, ya kuma bincika dokar shiga ƙasar kafin ya tashi, don dokokin sun sauya tun bayan 2023. Ya san wurin wa zai sauka da aikin da zai yi. Kada ya miƙa fasfonsa ga wani dillali, kada ya yarda da tafiyar da aka ce sai ya isa zai biya, domin wannan bashin shi ne igiyar da ake ɗaure mutum da ita. In ya isa ya kiyaye dokar gari, ya nemi sarkin Hausawa da masallacin unguwa ya gabatar da kansa, ya sani cewa laifinsa shi kaɗai za a shafa wa duk ɗan Arewa da ke wurin. Ya kuma sa wa tafiyarsa wa'adi da manufa, ko jari ko sana'a, ya dawo kafin ruwan shuka.

A lokacin tambayoyi, wani matashi daga Sule Tankarkar ya ce su fa 'yan Nijar suna karya musu farashin ƙwadago, abin da za a biya ɗan gari sai su karɓi ƙasa da haka. Malam ya ce maganarsa gaskiya ce, amma ya duba wa ke cin ribar wannan ragin, yaron da ya karɓa don yunwa ko mai gonar da ya rage? Ya ce irin wannan ƙorafin ne 'yan acaɓar Legas ke yi a kan 'yan Jigawa. Maganin shi ne 'yan ƙwadago, na gida da na ƙetare, su haɗa baki a kan lada guda, don muddin akwai wanda za a iya biya rabi, to kowa ma ladansa rabi ne.

Wani kuma daga Gagarawa ya ce ya riga ya ba da rabin kuɗin mota zuwa Agadas, yana jin kunyar fasawa. Malam ya ce masa, "Ɗana, asarar rabin kuɗin mota ta fi sauƙi a kan mahaifinka ya sayar da gona." Ya nemi ya same shi bayan an tashi, tare da wansa.

An rufe zaman da addu'ar Allah Ya kiyaye matafiya, Ya mayar da su gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ya kuma ba da ikon sauke haƙƙin duk wanda ya yi wa mutum aiki. Za a ci gaba da karatun mako-mako ranar Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu.